Yadda ake yin soson roba mai jure zafi da PP

Robar PP, wato polypropylene, ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 160 zuwa 165 a ma'aunin Celsius, alhali farin soson da ake tallafe kayan lantarki da shi a kwali yakan laushi tun kafin ruwa ya tafasa. Shi ya sa ake neman soson PP a motoci da mazubin abinci mai zafi.

A fara da zaɓen roba, don a nan aka fi yin asara. PP ta gama-gari in ta narke tsinkewa take yi, ba ta da danƙon riƙe iska, sai kumfar ta fashe tun a bakin inji. A nemi nau'in HMS, wato mai danƙo sosai in ta narke saboda sarƙar ƙwayoyinta mai rassa ce, irin Daploy na kamfanin Borealis. A kuma guji wadda aka gauraya da sinadarin etilin, domin wasu nau'o'inta na narkewa tun wajen digiri 145.

A kowane kilo 100 na roba a zuba hodar talk, wato garin wani dutse mai laushi, rabin kilo zuwa kilo 2. A jikin ƙwayoyinta kumfa ke tsirowa. In ta yi kaɗan ramukan su yi manya, in ta yi yawa bangonsu ya yi siriri ya huje. A ƙara sinadarin da ke hana roba tsufa a zafi.

An fi samun sakamako da inji biyu a jere. Na farko ya narkar da robar a digiri 200 zuwa 220, a nan ake cusa gas ɗin butan ko kabon dayoksaid. Na biyu aikinsa sanyayawa a hankali, har ta sauko kusa da digiri 160 kafin ta fito. Wannan matakin ne ke buƙatar ido, domin tazarar 'yan digirori ce kawai. In zafi ya yi yawa, gas ya sulale ta bangon ramuka, soson ya tashi ya koma ya lotsa. In ya yi ƙasa, robar ta daskare kafin ta gama kumbura, wani lokaci ma ta toshe bakin. A riƙa saukar da zafin digiri ɗaya ko biyu, a jira ya daidaita, a yanki soson a duba cikinsa. In an ga fuskarsa ta yi kaushi ta yayyage, matsin bakin ne ya faɗi, kumfa ta fara tun a ciki. A tsuke bakin ko a ƙara gudun inji.

Soson butan a jibge shi kwanaki a rumfa mai iska, nesa da wuta, gas ya gama fita. Kafin a kai wa mai saye, a auna yanki guda, a sa shi a tanda mai digiri 120 na awa 24, a sake aunawa a ga ko ya motse.