Kurakuran da masu hawan dutse ke yi a Kaduna, da yadda za a gyara

Matasan Kaduna sun fara sha'awar fita bayan gari ranar Asabar. Wasu su nufi Dutsen Kufena a Zariya, wasu duwatsun Kajuru, masu ƙarfin hali kuma har Kagoro ko ruwan Matsirga kusa da Kafanchan. Abin farin ciki ne. Sai dai da yawa suna dawowa da waya cike da hotuna, in ka tambaye su abin da suka gani sai su ce dutse ne kawai.

Hayaniya ce ke jawo haka. A taho mutum ashirin, ga sifika tana ta kiɗa, sannan a ce dajin ba komai. Akwai. Rema na kwance bisa falalen dutse tana shan hantsi, da ta ji motsi ta faɗa tsaga. Makwarwa da zabin daji ma haka. Ku kasu kashi-kashi, mutum huɗu ko biyar, a kashe kiɗa, in an samu inuwa a zauna shiru na ɗan lokaci. Kuma a fito da sassafe, don da rana ta take dabbobi sun ɓuya, dutsen ma ya yi zafin da hannu ba ya iya dafa shi.

Kuskure na biyu, shiga daji ba tare da ɗan gari ba. Wannan ba wasa ba ne a jiharmu, kowa ya san halin da gefen Birnin Gwari da dajin Kamuku suka shiga. A fara gaida mai unguwa, a tambayi yadda hanya take a makon, a nemi mafarauci ko manomi ya yi jagora, a sallame shi da mutunci. Shi ne zai ce maka, "Malam, ɗaga kai," ka ga furen ɗorawa na reto, ko ya nuna maka gawo yana kore shar da rani bayan ya zubar da ganye da damina. Shi zai bambance maka marke da taura, ya ja hannunka kafin ka taɓa karara ka kwana kana susa.

Silifas ba na hawan dutse ba ne. A sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa da dogon wando. Kububuwa da kasa suna sajewa da busasshen ganye, shi ya sa ba a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Da damina a guji kwazazzabo da gindin ruwa mai zubowa. Ana iya yin ruwa can kan tudu, kai kana cikin rana, ambaliya ta same ka ba zato. Dutse mai gansakuka kuma santsi gare shi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ɓarnar da ake bari: ledar fiya wata, gwangwani, suna da fenti a jikin dutse, ɓawon kaɗanya an sassaƙe. Da hunturu guntun sigari ɗaya ya isa ya cinye ciyawar gangare duka, har da gonakin da ke gindin dutsen. Kowa ya zo da leda ya kwashe shararsa, in ana gashi kuma a zuba ruwa a kan garwashin har ya mutu kafin a tashi.