Yadda ake bin diddigin jin yaro bayan sanƙarau ko ƙyanda

A gidan hayar da muke zaune a Agege, wani yaro ɗan shekara biyu da rabi ya yi jinyar sanƙarau, Allah ya tashi kafaɗarsa. Aka yi ta shigowa barka. Daga baya uwarsa ta fara ƙorafin cewa jinya ta sangarta shi, sai ta kira shi sau uku bai ko ɗaga kai ba. Kakarsa ce ta gano. Murfin tukunya ya suɓuce ya faɗi a bayansa, har jaririyar da ke goye ta firgita ta tsala kuka, shi kuwa yana ta wasansa da marfin kwalba. Tsohuwar ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ba taurin kai ba ne. Yaron nan ba ya ji."

A lokacin an yi wata uku da sallamo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya na iya fita da wata larura mai ɗorewa, kuma rashin ji na cikin waɗanda aka fi gani. Ƙyanda, hangum, zazzaɓin Lassa da shawara mai tsanani a jariri duk suna iya taɓa kunne. Saboda haka idan an sallamo yaro, da sauran aiki.

Aikin yana farawa tun kafin a naɗe tabarma a asibiti. A roƙi likita ya rubuta sunan ciwon da alluran da aka yi wa yaron, domin wasu magunguna masu ceton rai, irin su gentamicin, su ma kan raunana ji. Sannan a nemi takardar da za ta tura shi gwajin kunne, ko da likitan bai ambata ba. Ba rashin kunya ba ne uwa ta ce, "Likita, yaushe za a duba jinsa?" Ga wanda ya yi sanƙarau, ana so a yi gwajin cikin mako 4 da samun sauƙi. Dalilin gaggawar kuwa, can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, ita ke mayar da ƙara ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Sanƙarau kan kumbura ta, kuma cikin 'yan makonni ko watanni cikinta na iya fara daskarewa ya koma ƙashi. In ta toshe, dasa na'urar ji ta hanyar tiyata ya yi wuya.

Kafin ranar asibiti, a gwada a gida. A Legas wannan sai da dabara, don tsakanin janareto, hon ɗin 'yan acaɓa da lasifikar mai sayar da magani, babba ma sai ya ce "na'am?" sau biyu. Bayan sallar asuba ya fi. Mutum biyu ake buƙata: ɗaya ya zauna gaban yaron yana ɗauke masa hankali da abin wasa marar ƙara, ɗayan ya tsaya a baya inda ba za a gan shi ba. Na bayan ya kira sunan yaron a hankali ta gefen dama, ya dakata, ya koma hagu, sannan ya kaɗa cokali cikin kofi. Kada a buga ƙafa ko ƙofa, domin kurma ma yana jin girgizar ƙasa a jikinsa. A kula da inuwa, da iskar zani, har da ƙamshin turare, yara suna waiwayo musu sai a ɗauka sun ji. Jariri sabon haihuwa kan zabura in an yi ƙara mai ƙarfi, ɗan wata shida kan juya inda sauti ya fito, ɗan shekara ɗaya kan yi gwaranci yana "baba, dada". Yaron da ya fara magana kafin ciwo sannan ya yi shiru, ko ya koma kallon bakin mai magana, a ɗauke shi da muhimmanci.

Sai dai gwajin gida zargi kawai yake tayarwa, ba ya wanke yaro. Mai kunne ɗaya lafiyayye zai waiwayo sarai.

A asibiti, sashen kunne, hanci da maƙogwaro ake nema. Akwai shi a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta, da kuma LASUTH a Ikeja. A fara tambayar ranar da ake ganin yara da kuɗin gwaji, kada a sha cunkoso a banza. Wanda Turanci ko buroka ke ba shi wuya ya tafi da mai yi masa tafinta. Ƙananan yara gwaji biyu ake yi musu, babu mai zafi. Na farko, wanda ma'aikata ke kira OAE, ɗan abu ne kamar abin sauraron waya ake sa wa a kunne, ya aika sauti ya saurari amsar da katantanwar ta mayar, cikin 'yan mintoci. Na biyu, ABR, ana manna wayoyi a goshi da bayan kunne a ga ko saƙon yana bin jijiya yana isa ƙwaƙwalwa. Wannan sai yaro na barci, don haka a hana shi barcin hanya, a shayar da shi dab da shiga. Jaririn da ya yi shawara mai tsanani na iya tsallake na farko alhali jijiyar ce ta taɓu, don haka a nemi na biyun. In an ce a dawo a sake, a dawo. Wani lokacin dattin kunne ne ko ruwa kawai, amma sai an koma za a sani.

Gwajin nan ba baƙo ba ne a Legas. Tun wajen 2005 wata likitar yara, Dakta Bolajoko Olusanya, ta jagoranci binciken auna jin jarirai a wuraren allurar BCG, wato rigakafin tarin fuka, don a samu har waɗanda aka haifa a gida. Binciken ya nuna ma'aikatan lafiya na unguwa za su iya yin gwajin, kuma wata babbar matsalar da aka fuskanta ita ce iyaye da yawa ba sa komowa zagaye na biyu.

Ƙyanda kuma ba kunne kaɗai take nema ba, har ido. Tana ƙarar da sinadarin bitamin A a jiki, ido ya bushe, baƙinsa ya yi gyambo. Shi ya sa ake ba mai ƙyanda bitamin A sau biyu, yau da gobe. Yaron da ke gudun haske, ko ya daina gani da magariba, ko aka ga fari-fari a ƙwayar idonsa, a kai shi a ranar. Kada a ɗiga masa nono, ruwan ganye ko tozali. Haka kunne mai zubar da mugunya: ba man ja, ba gashin kaza, a goge bakin kunnen da tsumma mai tsabta a kai wa likita. Rigakafin ƙyanda dai kyauta ne, a wata 9 da wata 15.

A manyan asibitoci wani lokaci za a ce ana son sa yaro cikin bincike. Na san abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai: Kano, 1996, lokacin annobar sanƙarau, da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200, maganar da ta kai kotu. Tsoron yana da tushe. Amma a ganina gudu ba tare da tambaya ba asara ce, domin tun 2007 Najeriya na da ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa. A tambaya: wane kwamiti ne ya amince da binciken? Za a ba yaron wani magani ne, ko aunawa kawai za a yi? Za a faɗa mana sakamako? A sa a karanta takardar a fassara ta da Hausa kafin sa hannu ko dangwale, a karɓi kwafi. Iyaye na da ikon ƙi, ko janyewa daga baya, kuma hakan ba ya hana a ci gaba da duba ɗansu.

In sakamako ya nuna ji ya ragu, a tambayi wane kunne, kuma nawa ya rage. Na'urar ƙara ji sai an saita ta daidai da sakamakon yaron, ta kasuwa ba ta yi. Kada a daina yi masa magana. A fuskance shi cikin haske, a haɗa da maganar hannu, gida duka a koya. Akwai makarantar Wesley ta kurame a Surulere.

Yaron gidanmu an samu kunnensa na hagu da sauran ji, aka sa masa na'ura. Yanzu in kakar za ta kira shi cin tuwo, sai ta zagayo ta hagunsa ta durƙusa.