Kurakuran da ake tafkawa wajen saka mata a kwamitin ruwa

In za a haƙa burtsatse a ƙauye yawanci sai an kafa kwamitin ruwa da tsafta, wanda ma'aikatan RUWASSA, wato hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara, ke ce wa WASHCOM, kuma ana so a sa mata ciki. Hakan daidai ne wallahi, su ke fama da jarka da bokiti. Yadda ake yin abin ne ke jawo wa wasu masifa a gidan aure.

Babban kuskuren shi ne tsallake mazajen. A zo da mota a tara mata a firamare, a rubuta suna a ɗau hoto, shi maigida sai a majalisa zai ji wai matarsa ta zama ma'aji, abokai suna ta masa tsiya, to a kan wa zai huce? Ma'aikata sun koma birni, ita ce za ta kwana a gidan. A fara zama da mai unguwa da liman da mazajen tukuna, sannan ma'aikaciya mace ta shiga ta tambayi matar ita kaɗai ko tana so. In ta ce a'a a ƙyale ta, kar a matsa mata don a cike takarda.

Sai kuɗin gyaran famfo. Ana ba mace ajiya saboda amana, amma a bar mata kuɗin jama'a a ɗaki zalunci ne. Miji ya ce ranta min zuwa kaka, in ta hana rigima, in ta bayar gari ya ɗauka ta cinye. A buɗe asusu a banki, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, a karanta lissafi a gaban kowa.

Taro kuma kar a sa shi lokacin ɗora tukunya ko bayan magariba, a tambaye su lokacin da ya fi musu. 'Yan garuwa ma a zauna da su tun farko, abincinsu aka taɓa.

Wanda ya fi damuna shi ne hanyar kai kuka. A rubuta lambar waya a allo a ce an gama, alhali mata da yawa wayar miji suke ara. A samu ungozoma ko malamar Islamiyya da suka yarda da ita, ta karɓi ƙorafi a asirce, kuma bayan an ƙaddamar da famfo a riƙa komawa ana jin yadda suke ciki.