Yadda Ake Gano Murzuna a Gonar Gero Kafin Ta Yi Ɓarna

Manomin gero a Gwadabawa ko Illela ya san wannan takaici: zangarniya ta fito fes, bayan makonni ka tarar da wani layi ya kewaye ta kamar an naɗa mata igiya, babu ƙwaya a wurin. Aikin murzuna ke nan. Uwarta wata 'yar faɗa-wuta ce mai launin ƙasa, masana na kiranta Heliocheilus albipunctella. Tana nan a yankin Sahel daga Senegal har Sudan, kuma gero ne abincin tsutsarta.

Fara da lissafin lokaci. Tsutsar tana kwana rani a cikin ƙasa, musamman a jigawa, sai kamar wata guda bayan saukar damina ta fito a matsayin faɗa-wuta, daidai lokacin da gero ke fidda kai.

A wannan lokacin ka kafa tarko. Bayan magariba ka rataye fitila a kan sanda a tsakiyar gona, ka ajiye roba da ruwa da ɗan sabulu a ƙarƙashinta. Da safe ka duba abin da ya faɗa. Ba duk ƙwaron da ka gani ne ita ba, amma in ƙananan faɗa-wutan suka yawaita dare bayan dare, to ta iso.

Sai duba zangarniya, kuma nan ne aikin yake. Zaɓi waɗanda suka fito kwanan nan, ka buɗa bununin da yatsa ka nemi ƙwan da uwar ta saka, musamman wajen tsini. Ƙwan ƙanana ne ƙwarai, cikin kwana 3 zuwa 5 suke ƙyanƙyashewa. Tsutsar tana shigewa ciki tana yanke gindin furen, shi ya sa layin ke murɗewa. In ka ga ɓurɓushi fari-fari yana zuba, ta riga ta fara ci. Kar ka tsaya bakin gona kawai, ka shiga ciki.

Feshi a makare asarar kuɗi ce a ganina, don ta ɓuya. Maƙwabtanmu na Maraɗi suna sakin wani ɗan ƙwaro dangin rina, Habrobracon hebetor, a ƙananan buhuna, shi kuma ya kashe tsutsar. Ka tambayi malamin gona ko ana samunsa a wajenku.

Bayan girbi, in da hali, ka kifar da ƙasar gonar da garma, waɗanda suka ɓuya su fito fili, rana da tsuntsaye su gama da su.