Yadda ake gano tarihin kakan da ya yi yaƙin Boma

Duk wanda ya zo mini da maganar "kakanmu tsohon soja ne, ya yi yaƙin Boma, ina so in san inda ya je", tambaya ɗaya nake fara yi masa: ka san lambarsa ta soja? Da ƙyar ake samun wanda ya sani. Yawancinsu sun riga sun ɓata wata da watanni suna buga sunan tsohon a intanet, ba su ga komai ba, har sun yanke hukuncin cewa Turawa ba su rubuta shi ba. Sun rubuta shi, sai dai ba lalle da sunan da aka raɗa masa ranar suna ba. Ni kaina shekara biyu na yi a cikin wannan rami, don haka a nan zan fi daɗewa.

Rundunar da ake magana a kai ita ce Nigeria Regiment, reshe ne na babbar rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya kafa a 1897, wadda daga 1928 ake kira Royal West African Frontier Force. Sojan ƙasa ne masu jar dara, tambarinsu bishiyar kwakwa, harshen barikinsu kuma Hausa. A takarda 'yan sa-kai ne, kowa da ƙafarsa ya kai kansa, ko da yake duk wanda ya zauna da tsofaffi ya ji yadda Di'o kan matsa wa hakimi, hakimi ya matsa wa dagaci a kawo samari. Boma kuwa ita ce Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda aka gwabza da Japanawa a yaƙin duniya na biyu.

Kada ka sayi data tukuna

Fara daga gida. Ka nemi izinin babban gida a buɗe adakar marigayin, a zazzage gafakarsa, a duba ƙarƙashin tsofaffin takardun haraji da na gona. Abin da kake nema shi ne littafin sallama, katin fansho, katin ƙungiyar 'yan mazan jiya, hoto, da minda, wato lambar yabo ta ƙarfe da soja ke ratayawa a ƙirji. Duk hoton da ka samu ka juya bayansa.

Sannan ka zauna da tsofaffin mata. Na ce mata, domin su ne suka yi jinyarsa, su suka ji abin da yake faɗa da dare. Maza sukan ba ka labarin jarumta, wanda kowa ya ƙara masa gishiri. Kuma kada ka ce, "Goggo, wace bataliya yake?" Ba ta sani ba, za ta ce Allah masani, hira ta mutu. Ce mata, "Goggo, Allah ya ƙara miki lafiya, wane irin zane ne a kafaɗar kakinsa? Wane gari yake yawan ambata? Shekara nawa ya yi bai dawo ba?" Ka kunna rikodar wayarka ka ajiye gefe, ka bar ta ta yi ta zuba.

Zanen kafaɗa ba ƙaramin abu ba ne. Runduna biyu aka kai Boma daga Afirka ta Yamma. Ta 81, wadda aka kafa a 1943, tambarinta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Na ta 82 kuwa mashi biyu ne a giciye kan gammo. In Goggo ta ce gizo, ka rage rabin aikinka. In ta ce a jirgin sama aka sauke su tsakiyar daji a bayan Japanawa, to ka ma fi sa'a, domin birged ta 3 ce, wato bataliya ta 6, ta 7 da ta 12, waɗanda aka cire daga runduna ta 81 aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944. In kuma tana ambaton Habasha ko Mogadishu, to ya riga yaƙin Boma shiga soja: bataliya ta 1, ta 2 da ta 3 su suka yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, daga baya aka zuba su cikin runduna ta 82.

Minda tana taimakawa, amma kada ka ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ta yaƙin duniya na farko an buga suna da lamba da runduna a gefenta ko a bayanta, wannan ita kaɗai ta ishe ka fara aiki. Ta yaƙi na biyu kuwa haka aka raba ta ba suna, in ban da ta jarumta. Abin da kawai za ta gaya maka shi ne fagen da ya je: tauraruwar Boma ƙyallenta ja ne a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, ta Afirka kuwa ruwan ƙasa ce mai haske da jan layi a tsakiya. Kuma don Allah kada ka goge ta da toka da lemon tsami don ta yi ƙyalli. Na ga wadda aka goge har lambar ta shafe.

Sunan da akawu ya rubuta

Ga inda kowa ke faɗuwa. Akawun soja bai damu da sunan mahaifi ba. Sunanka zai rubuta, ya liƙa masa sunan gari ko ƙabila. A ce mutum sunansa Usman ɗan Abubakar daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, a littafinsu zai fito Osuman Katsena ko Usuman Katsina. Ƙauyen ya ɓace, uban ya ɓace. Haka Muhammadu kan koma Momadu, Mamadu ko Moma, Audu ya koma Awudu, Garba ya koma Garuba, Yusufu ya koma Yesufu, Borno ta koma Bornu. Wanda ya fito daga Damagaram sai a sa masa Zinder, na Chadi a sa masa Fort Lamy, Bazabarme a rubuta Zaberma. Ka ga ke nan a bataliya ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya birjik, su kansu hafsoshin da lamba suke rarrabe su.

Wannan ma mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne wanda ya sauya suna da gangan. A wancan zamani shiga soja ba abin alfahari ba ne a gidajen malamai da na sarauta, ana ganin aikin Nasara ne. Samari da yawa sun gudu ne ba da sanin iyaye ba, suka ba da laƙabi ko sunan aro, suka ambaci garin da ba nasu ba don kada a biyo sawu.

Kakana yana cikinsu. Ya tafi cin rani haƙar kuza, daga can ya shiga soja, ya ba da laƙabin da abokan aiki ke kiransa, aka liƙa masa sunan garin da aka ɗauke shi. Abin takaicin, littafin sallamarsa yana hannunmu tun farko. Ƙaramin littafi ne da ya sha danshi, gefensa gara ta ɗan taɓa, yana naɗe cikin tsumma a ƙasan gafaka. Da muka buɗe muka ga baƙon suna, sai kawuna ya ce ai na wani abokinsa ne da ya ba shi ajiya, muka mayar. Shekara biyu ina neman sunan gaskiya a wuraren da ba a taɓa rubuta shi ba. Ranar da Allah ya nufa, ina hira da ƙanwar kakan nawa, sai ta ce in zazzaɓi ya kama shi yakan miƙe zaune ya yi ta rera wasu kalmomi da Turanci kamar mai karatun allo. Na ce, "Goggo, ko za ki iya maimaitawa?" Ta maimaita, ba ta san ma'anarsu ba, amma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Lambobi ne. Na rubuta a tafin hannuna, na koma na kwance tsumman nan. Su ne a shafin farko.

Tsohon soja yakan manta shekarunsa, ba ya manta lambarsa, domin kowace safiya sai ya faɗe ta a fareti, da ita ake biyansa, da ita ake hukunta shi. Saboda haka doka ta farko a wurina: kada ka yar da takarda don sunan bai yi daidai ba. Ka duba tsawo, tsagar fuska, tabo da ƙabila in an rubuta su a ciki, ka gwada da abin da tsofaffi suka sani. Lambar sojan Nijeriya a yaƙi na biyu tana farawa da NA, ta sojan Gwalkwas, wato Gana ta yau, tana farawa da GC. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu na zango a Kumasi da Ankara, waɗanda kakanninsu da yawa a rundunar Gwalkwas suka yi aiki.

Ka ɗauki takarda ka jera duk yadda Bature zai iya rubuta sunan, da duk garin da tsohon ya taɓa zama. Da wannan takarda da lambar za ka shiga mataki na gaba.

Yanzu ka iya shiga intanet

In bai dawo ba, wurin farko shi ne shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburburan sojan daular Ingila. Kyauta ne. Ka nema da lamba, kada ka nema da suna. In dole sai da suna, ka zuba shi gaba ɗaya a gurbin sunan mahaifi, domin sau da yawa haka suka shigar da sunayen sojan Afirka. Za ka samu muƙami, bataliya, ranar rasuwa da inda sunan yake. Da yawa daga waɗanda suka kwanta dama a dajin Arakan da kwarin Kaladan ba su da kabarin da aka sani, sunayensu suna jikin bangon tunawa na Rangoon a maƙabartar Taukkyan, tare da kusan mutum 27,000.

Kuskuren da nake yawan gani: mutum ya nemi kakan da ya dawo gida ya rasu a 1980, bai gan shi ba, ya karaya. Hukumar nan waɗanda suka rasu tsakanin 1914 da 1921, da tsakanin 1939 da 1947 kawai take lissafawa. Kuma ko a cikinsu akwai giɓi, ita da kanta ta amsa a 2021 cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunayensu ba.

In ana cewa an ba shi lambar jarumta, ka duba kundin ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan. Jerin WO 373 yana ɗauke da takardun da hafsoshi suka rubuta suna bayyana abin da soja ya yi, ana iya sauke su ta intanet. Na yaƙin farko kuma katunan minda suna WO 372.

Sai littafin yaƙi na bataliya, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin. Kowace bataliya tana rubuta abin da ya faru kullum: inda aka kwana, mil nawa aka taka, wane kogi aka haye, mutum nawa aka rasa. Na Boma suna WO 172, na Gabashin Afirka suna WO 169, na zaman Afirka ta Yamma suna WO 173. Ka sani tun yanzu, da wuya ka ga sunan farabiti ko kofur a ciki, hafsoshi ake ambata. Amma in ka san bataliyarsa da shekarun da ya yi, ka san inda ƙafarsa ta taka rana bayan rana. Kakana bataliya ta 5 yake, birged ta 4 a runduna ta 82, ta nan na bi shi daga kwarin Kalapanzin zuwa Myohaung, garin da rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace a Janairun 1945. Waɗannan littattafai ba a intanet suke ba. Biyan kuɗin kwafi daga nan da canjin fam na yau zai iya cinye albashinka. Hanya mai sauƙi ita ce ɗalibi ɗan'uwa da ke karatu a Landan: katin shiga kyauta ne, ɗaukar hoton takardu da waya ma kyauta ne. Ka ba shi lambar fayil daidai da kuɗin jirgin ƙasa, wuni guda ya gama maka.

Af, sunayen da Goggo ta ambata waɗanda suka yi maka kama da surkulle, ka gwada su da sunayen barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung, An, Tamandu da Arakan a Legas. Duk daga yaƙin nan aka samo su. In kuma ta ce dako ya yi, kada ka ji kunya ko ka daina nema. Rundunonin nan biyu da 'yan dako masu kaki da lamba suka ratsa tsaunukan da mota ba ta shiga, su ma ƙungiyoyinsu suna da littafin yaƙi.

Saura na gida

Fayil ɗin soja na kansa ba a Ingila za ka neme shi ba, na sojan da aka ɗauka a nan an bar su a nan. Ofishin adana bayanan sojan Nijeriya yana Lokoja. Ka rubuta takarda da lamba, muƙami, bataliya da shaidar dangantaka, ka kai da hannunka in da hali, ka yi haƙuri. Kafin nan ka leƙa reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiharku, wani lokaci tsohon rajistarsu yana da abin da ya fi na ofis. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin larduna a kan ɗaukar soja da sallama da neman aiki bayan dawowarsu a 1946, ga kuma tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun yaƙi. Wanda kakansa ɗan Nijar ne ya fara tabbatar da wa ya yi wa soja, domin wasu sun tsallako sun shiga na Ingila, wasu Faransa ta ɗauka. Na Faransa takardunsu suna garin Pau, waɗanda suka mutu kuma ana nemansu a shafin Mémoire des hommes.

Duk abin da ka samu ka ɗauki hotonsa, ka buga kwafi uku, ka rubuta sunan gaskiya da sunan soja da lamba a shafi ɗaya, ka raba wa gidaje uku na dangi. Na asalin kuma ka cire shi daga leda, ka naɗe a farar takarda, ka ajiye inda danshi da gara ba sa kaiwa.