Sa ƙwan LED a fitilun gaban mota: zaɓe, ɗaurawa da saiti

Wanda ya saba tuƙin dare tsakanin Yamai da Doso, ko daga Ƙonni zuwa Tawa, ya san abin da ke sa direba neman ƙarin haske: amalanken jaki da babu ko ƙyallen da ke sheƙi a bayansa, shanu kwance a kan kwalta, ɗan kabu-kabu da fitilarsa ta mutu tun bara. Ya kuma san motar nan da ke tahowa da farin haske kamar na walda, ka yi mata alama ta sauke, ashe a kod take, wato ƙaramin haske. Mai ita LED ya saya, aka cusa masa a bakin titi cikin minti biyar. Yana makantar da jama'a, shi ma kuma ba nesa yake gani ba, gaban motarsa kawai ya yi fari fat.

Dalilin yana cikin gidan fitilar. Madubin da ke ciki an lanƙwasa shi ne domin ya tattara hasken wani ɗan zaren waya da tsawonsa yake wajen milimita 5, wanda ke zaune a wuri guda takamaimai. Idan tushen haske ya goce daga wurin da milimita ɗaya ko biyu, ko ya fi zaren faɗi, madubin zai watsa shi inda ba a so: sama, cikin itatuwa, cikin idon mai tahowa. Saboda haka ƙwan LED nagari shi ne wanda ya kwaikwayi zaren a girma da mazauni. Lambobin da ke jikin kwali suna zuwa ne daga baya.

Kafin a je kasuwa

Sau da yawa ƙwan ba shi da laifi. A fara da gilashin gaban fitilar, wanda a yawancin motocin yanzu roba ce. Ranar Yamai da yashi suna mayar da shi rawaya mai dishi-dishi, kuma LED a bayan irin wannan gilashi hazo kawai yake yi. Ana goge shi da sanfefa jiƙaƙƙiya, lamba 800, sai 1500, sai 2000 ko 3000, a bi da man gogewa, sannan a fesa masa fenti marar launi mai kare rana. In an tsallake fesawar, cikin ƴan watanni zai koma yadda yake.

Sai a leƙa madubin ciki. In ya yi toka-toka ko ya ɓare a saman inda ƙwai yake zama, galibi an taɓa sa masa ƙwai mai wat 100 ne ya gasa shi. Wannan ba ya gyaruwa da goge, gogewar ma ƙarasa shi take yi. Sai dai a nemi wani gidan fitilar.

Na uku wuta ce. Inji na aiki, fitila a kunne, a auna batir: ya kamata a ga tsakanin volt 13.8 da 14.4. A auna kuma a bakin soket ɗin ƙwan. In bambancin ya haura rabin volt, akwai tsatsa a wayar mas, wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota, ko soket ya ƙone, ko makunnin ya gaji. Halojin, wato ƙwan da aka saba mai zaren waya, yana jin wannan ƙwarai: faɗuwar volt ɗaya na iya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haskensa. Mota da yawa in an wanke mas ɗinta aka canza soket, mai ita sai ya fasa sayen LED.

Wane ƙwai ne a ciki

A ciro shi a karanta gindinsa, kada a dogara da sunan mota, don motocin da ke shigowa ta Kwatano wasu na kasuwar Turai ne wasu na Amurka, suna ɗaya amma fitila daban. H4 yana da ƙafa uku da zare biyu, wat 60 na far, wato babban haske, da 55 na kod a ƙwai guda. Shi ne a tsofaffin Corolla da Starlet da Hilux da yawa. H7 ƙafa biyu, wat 55, ya fi yawa a motocin Turai. H1 siriri ne mai ƙafa ɗaya. H11 da HB3 (9005) da HB4 (9006) gindinsu roba ne mai lanƙwasa, ana murɗa su ne su kulle. In ka ga D1S ko D2S, zenon ne, ƙwai mai gas marar zare, yana tashi da wutar da ta haura volt 20,000. Wannan ba aikin hannun gida ba ne, kuma ba shi ake magana a nan ba.

A wurin saye, ko a kasuwar Katako ta Yamai ne ko a shagon unguwa, a buɗe kwalin a riƙe LED ɗin kafaɗa da kafaɗa da tsohon ƙwan, gindi daidai gindi. Ƴan ƙwayoyin da ke ba da haske su faɗo daidai tsayin zaren, su kasance a jere siriri kamarsa. Su zama a fuska biyu kaɗai, baya da baya, farantin da ke tsakaninsu kuma siriri, milimita 1 zuwa 2. Duk kaurin da ya ƙaru nisa ne daga inda zaren yake. Masu fuska uku ko huɗu, da masu babban tabo rawaya zagayayye, a bar wa mai shago abinsa ko da ya rantse. A H4 dole a ga ɗan murfin ƙarfe a ƙarƙashin ƙwayoyin kod, irin cokalin da ke cikin halojin. Shi ke yanke hasken kada ya tashi sama.

Maganar "wat 200, lumen 30,000" kuwa, a saurare ta kamar kirarin maroƙi. Lumen ma'aunin yawan haske ne: H7 na halojin lumen 1,500 yake bayarwa, kod ɗin H4 kuma 1,000. Galibin LED ɗin da ake sayarwa wat 20 zuwa 35 suke ci kowanne. Ana iya gane gaskiya nan take da na'urar awo da batir: a sa ta a layin amfiya 10, a kunna, a ninka abin da ta nuna da volt ɗin. Amfiya 2 sau volt 12.5 wat 25 ke nan, ko me kwali ya ce. A bar shi a kunne minti 15 ana kallo. In lambar ta yi ta zamewa ƙasa sosai, ƙwan yana rage wa kansa wuta ne saboda zafi, kuma a cikin gidan fitila kusa da inji a watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ke haura digiri 42, abin zai fi haka muni.

Launi ma abin dubawa ne. Da lambar K ake auna shi: ƙarama rawaya, babba fari zuwa shuɗi. Halojin yana wajen 3200K. Yawancin LED 6000K ne zuwa 6500K, fari mai ratsin shuɗi. Yana da kyau a ido in mota na tsaye, amma a hazon hunturu ko bayan babbar mota a hanyar da ba kwalta, ƙurar da ya haska takan dawo wa direba kamar farin bango, ido ya gaji da wuri. Mai yawan tafiyar daji ya nemi 4300K zuwa 5000K. Abin da ya wuce 6500K ado ne kawai.

Akwai LED na Osram da Philips da hukumar Jamus ta fara amincewa da su tun daga 2020, amma ga jerin motoci da aka gwada ɗaya bayan ɗaya. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa ƙwai guda na iya dacewa da wata fitila ya ƙi wata.

Ɗaurawa

Da magariba ake wannan aiki, a fili mai daidai, gaban bango. Tun ba a taɓa komai ba, a tsayar da motar mita 10 daga bangon, a kunna kod, a zana layin saman hasken halojin da alli, har da inda ya karye ya hau ta dama. Wannan zanen shi ne alƙali.

A kashe mota, a cire makulli, a bar ƙwan ya huce. A cire soket, a cire murfin roba, a saki ƙarfen da ke danne ƙwan. Yawancin LED na H4 da H7 suna da zobe da ke fita daga jiki: zoben ake fara zaunarwa, haƙoransa su shiga gurbinsu, a danne da ƙarfen, a mayar da robar, sannan a zura jikin a murɗa. In zoben yana rawa ko ya zauna a karkace, a sake; karkatar da ido bai gani ba a gindi, a bango tafin hannu ce. Wasu motocin Turai masu H7 suna da nasu mariƙin na roba ko ƙarfe, sai an sayi wanda ya dace da LED. Ɗaure shi da waya ko cusa takarda ba ya kai mako a kan hanya mai ramuka.

Ƙwayoyin su kalli hagu da dama, kamar ƙarfe 3 da ƙarfe 9 a agogo, farantin a tsaye. A H4 murfin nan na ƙarfe ya kasance a ƙasa. In ya koma sama, kod zai haska rufin gidaje. Galibi akwai ɗan ƙusa a jikin zoben da ake sassautawa a juya jikin har ya daidaita.

A yi gefe ɗaya tukuna, a kunna, a rufe ɗaya fitilar da kwali a kwatanta. Layin LED ya fito a yanke kamar na allin, wurin da ya fi haske ya kasance dab da ƙarƙashin layin. In layin ya narke, ko haske ya taru a ƙasa kusa da mota, ko akwai baƙin rami a tsakiya, a juya kaɗan a gani. In ya ƙi, ƙwan bai dace da fitilar ba, kuma babu saitin da zai gyara shi. Fitila mai ƙwallon gilashi a gaba ta fi yafiya, don tana da farantin da ke yanke haske a ciki, sai dai ita ma takan ba da layi mai kyau alhali nesa ba ta ƙaru ba.

Murfin baya shi ne inda aka fi yin ganganci. Gindin LED da fankarsa sun fi na halojin tsawo, murfi ya ƙi rufuwa, sai a jefa shi a but. Hunturu ɗaya ya isa ƙura ta lulluɓe madubi, damina ta zo ta ƙarasa da raɓa. Ana sayar da murfin roba mai zurfi. A auna faɗin bakin da milimita a sayi daidai shi, a bar wa fanka kamar faɗin yatsa a bayanta. Ɗan akwatin wutar da ke jikin waya a ɗaure shi nesa da tiyon lagireto. Inda fankar ke waje, a riƙa hure ta da iska duk lokacin juyen mai, don yashi ne ke kashe ta, in ta tsaya kuma ƙwan na biye.

Saiti

Iskar taya daidai, but babu kaya, mutum ɗaya a kujerar direba. In akwai ɗan maɓallin 0 zuwa 3 a gefen sitiyari, a mai da shi 0. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a sa alama a bango a wannan tsayin. A jikin gidan fitilar yawanci an rubuta 1.0% ko 1.2%: ma'anarsa a mita 10 layin ya sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da alamar. Fitila mai tsayin santimita 65 ke nan layinta zai tsaya a 55, kuma a hanya zai taɓa ƙasa wajen mita 65. In filin mita 5 ne, a raba saukar biyu. Mota mai tsayi irin Land Cruiser ko Hilux da ake yi wa lodi, a bi abin da aka rubuta, in ya goge a ba ta santimita 15. Ƙusoshin saiti biyu ne a baya, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na gefe. Inda layin ya karye ya faɗo daidai gaban kowace fitila. Tunda dama muke bi, hawan layin ta dama yake. In ta hagu ya hau, gidan fitilar na ƙasar da ke bin hagu ne, kuma da LED a ciki kai tsaye cikin idon mai tahowa zai zuba.

In abu ya ƙi

Bai kama ba sam: a H7, H11, HB3 da HB4 a zare soket a juya shi, LED da yawa hanya ɗaya suke karɓar wuta. A tsofaffin Toyota masu H4 lamarin daban ne. Makunninsu wayar mas yake katsewa, wutar kuma tana tsaye a ƙafar da sauran motoci ke sa mas. LED da bai san wannan ba ko dai ya ƙi kamawa, ko kod da far su rikice, ko shuɗin alamar far a tablo, wato allon gaban direba, ya daina fitowa. Maganinsa LED da aka rubuta yana karɓar wuta ta kowace fuska, ko ƴar wayar relay da aka yi don haka. Kada a yanke wayoyin mota.

Yana ƙiftawa, ko tablo na cewa ƙwai ya mutu: Mercedes, BMW, Volkswagen da Peugeot na baya-bayan nan suna auna abin da fitila ke ci. Halojin na jan amfiya 4 da ɗoriya, LED kamar 2, sai kwamfutar ta ɗauka ya ƙone. Ana sa ɗan akwatin CANbus a tsakani. Wasu na sa rezistans mai om 6, wat 50. Yana aiki, amma yana zafin da zai narka roba, don haka a jikin ƙarfen mota ake ɗaure shi da ƙusa. Motocin kasuwar Amurka kuma da yawa suna kunna HB3 da ragaggiyar wuta a matsayin fitilar rana. LED a wurin ko ya yi ta rawa, ko ya kama gaba ɗaya da tsakar rana.

Rediyo na shuu da an kunna fitila: akwatin wutar ne marar tacewa. Zoben ferit a kan wayar yakan rage, in bai yi ba sai canji. Babbar mota mai volt 24 kuma a duba an rubuta 9 zuwa 32V kafin a jona.

Tsofaffin ƙwayayen halojin su zauna a mota, a naɗe cikin kwalin LED ɗin, don a Dogon Dutsi ko Illela da tsakar dare samun H4 ya fi samun irin LED ɗinka sauƙi. Wajen mayar da su a riƙe ta gindi. Maiƙon yatsa a kan gilashin yana tara zafi a wuri guda har ya kumbura ya fashe.