Yadda za a bi da yaron da ya manne wa uwarsa yana kishi da mahaifinsa

Tsakanin shekara 3 zuwa 6, yara maza da yawa sukan shiga wani hali da ke ɗaure wa iyaye kai. Maigida ya dawo daga kasuwar Muda Lawal ta Bauchi da yamma, ya zauna kusa da matarsa a kan tabarma, sai ga yaro ya kutso tsakaninsu yana ture ƙafar uban, yana cewa, "Tashi, Ummata ce." Likitan nan ɗan ƙasar Ostiriya, Sigmund Freud, wanda ya rasu a 1939, ya danganta wannan kishi da sha'awa, amma masana da dama sun ƙi yarda da fassararsa. A ganina, yaron da aka goya, aka shayar, aka yaye, wataƙila ma aka yi masa ƙane, tsoro kawai yake ji kada a raba shi da wadda ya fi sabo da ita.

Gyara yana farawa ne daga bakin uwa. Ki daina cewa, "Bari Babanka ya dawo," duk lokacin da ya yi ɓarna, domin kina koya masa cewa sallamar mahaifinsa da bulala tare suke shigowa gida. Ki hukunta shi da kanki a lokacin da ya yi laifin, sannan idan maigida ya yi sallama, ki tura shi ya yi masa sannu da zuwa, ya karɓo ledar da ke hannunsa.

Babban aikin kuwa na uba ne, kuma a nan al'adarmu takan kawo cikas, musamman idan yaron ɗan fari ne, wanda kunya ke hana wasu iyaye ko kiran sunansa. Alkunya abu ne mai kyau a gaban surukai da manya, amma yaro ɗan shekara huɗu bai san ta ba, abin da ya sani shi ne Baba ba ya kula shi. Ka ware masa wani abu da ku biyu kaɗai kuke yi, kuma kada ya yanke: ka riƙe hannunsa zuwa sayen waina da safe, ka sa shi ya ɗauko maka buta, ka tafi da shi wurin mai aski, ranar Juma'a ka sa masa hula ku tafi masallaci. Ɗan lokaci kullum ya fi tsarabar wata guda amfani.

Idan ya kutso tsakaninku, kada ka daka masa tsawa, kada kuma ka tashi ka bar masa wurin. Ka ɗora shi a cinyarka, ka ce, "Umma taka ce, ni ma naka ne," ku ci gaba da hirarku. A hana 'yan gida tsokanarsa da cewa za a ƙwace masa uwa. Maganar kwana kuma a bi ta sannu a hankali, a fara yi masa shimfiɗarsa kusa da ta uwar kafin a mayar da shi wurin yayyensa.

Yawanci abin yakan lafa idan ya shiga makaranta ya yi abokai. Amma idan yaron yana rawar jiki da zarar ya ji muryar mahaifinsa, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi cin abinci, to a zauna a bincika abin da ke firgita shi a gidan, sannan a kai shi wurin likitan yara.